Basillar Maccido a Akwatin Amarya

Yayana Maccido ya shekara talatin da ɗaya yana ɗinkin buhun albasa a tashar Taloka, kuma a cikin shekarun nan ba a yi ranar da bai gaya wa wani hakan ba. Idan an cika buhu har albasa ta yi tozo ta wuce bakinsa, akan ɗora wani yankin buhu a kai a ɗinke da basilla, shi ake kira hula. To wannan hular ita ce sana'ar Maccido, ita ce kuma hirarsa. A cewarsa, tun daga Goronyo har Ikko babu direban da ya taɓa dawowa ya ce hular Maccido ta ɓalle a hanya. Teloli masu keke ba sa lissafa shi a cikinsu, shi kuma ba ya lissafa su a cikin masu aiki. Yakan ce mutumin da ke ɗinki da ƙafa ai tuƙi yake yi.

Ni Rahama, ƙanwarsa, na daɗe da koyon yadda ake jin maganarsa a bar ta ta wuce. Sai da auren Siddiq ya zo na gane akwai maganar da ba a bari ta wuce.

Siddiq ɗan marigayi babban yayanmu ne, a hannun Maccido ya tashi. Shekara uku yana noman rani a bakin dam yana tara kayan lefe ɗaya bayan ɗaya, saboda wata yarinya Rumaisa a Rabah. Gidan su yarinyar sun ce a kawo lefe ranar Asabar, a sa rana a zama ɗaya, don kada a yi ta hawa hanya a wannan zamani. Sun kuma ce goggon yarinyar, Hajiya Habi, ita za ta buɗe akwati. Wannan Hajiya Habi sau biyu tana mayar da lefe a danginsu, ɗaya ma a kan takalmi ne. Idan ta mayar da namu, Siddiq sai ya sake jiran wata shekara, in ma an bar masa yarinyar.

Ranar Talata da hantsi ni da Mairo matar Maccido muka baje kayan a tabarma muna jerawa. Atamfofi sun cika, shadda ta cika, ga wani farin leshi da Siddiq ya fi ji da shi. Na ce wa Mairo saura abu ɗaya, gobe zan shiga Sakkwato in sayo. Ashe Maccido yana bakin randa yana wanke basillarsa.

"Mi yas saura?"

"Ƙananan kaya na mata, Yaya. Ba ruwanka."

"Ba abin da za shi shiga akwatin ɗan amanata a ce ba ruwana. Mi na sunanai?"

Mairo ta ce, "Rigar mama da kamfai, Malam. Ka ji ka huta?"

Ya juya mana baya yana kallon bango, ya yi gyaran murya sau biyu. Na ɗauka kunya ta kore shi. Can sai ya ce a kawo masa tsohuwa guda ya gani. Mairo ta shiga ɗaki ta jefo masa wata da ta gama shan wanki. Bai taɓa ta da hannu ba. Da tsinin basilla ya ɗaga ta, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya daɗe yana kallo.

"Wagga aba za ki hau mota har Sakkwato dominta?"

"Ita."

"Rahama, wagga ai hular buhu ta. Hula biyu ta da igiya. Ni da ka ɗunka hula ɗari huɗu rana ɗaya, a ce gidana a sawo hula biyu kasuwa? Ba ki zuwa ko'ina."

Na ce masa ba buhu za a aura ba. Ya ce duk abin da ke ɗaukar kaya doka ɗaya gare shi: ya yi ƙarfi, ya yi faɗi, iska ta shiga. Na ce Hajiya Habi ce za ta buɗe. Ya ce to ta zo daidai, dama ya daɗe bai samu wanda ya san aiki ya duba masa ba.

Matsala ta farko awo. Rumaisa surukarsa ce, ko fuskarta bai taɓa ɗaga ido ya kalla ba, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai "yarinyar ga". Ba shi da bakin tambayar awonta, ni kuma na rantse ba zan gaya masa ba, ina zaton hakan zai tsayar da shi. Bai tsayar da shi ba. Ya ce a tasha ba a tambayar albasa girmanta, ana yanka hula da rara ne, wadda ta yi yawa a naɗe, wadda ta yi kaɗan kuwa asara ce. Ya shiga madafa ya ɗauko ƙwaryar da Mairo ke dama masa fura, ya kifa ta a kan ragowar shaddarsa ta sallar bara, ya zagaye da gawayi.

Mairo ta ce, "Malam, wagga ƙwarya mutum uku ka shan hura cikinta."

"Yarinya ta, girma za ta yi."

Da ya farke tsohuwar rigar don ya ga cikinta, sai ya tarar da wata siririyar waya a ƙasan kowace hula. Nan ya yi murna kamar ya kama ɓarawo. Ya ce ga inda 'yan kasuwa ke cutar mata, waya kamar tsinken tsintsiya, shi ya sa ba ta shekara. Ya tafi wurin Ɗahiru mai gyaran keke ya karɓo wayoyin ƙafar keke goma sha biyu. A nan kuma ya ga robar da ake ɗaure kaya a bayan babur, baƙa mai kauri, ya ja ta ya ji ta mayar masa da hannu, ya ce ga igiyar kafaɗa ta samu. Saura maɗaurin baya. Waɗancan 'yan ƙananan maƙalan ya ce ko ɗan tsako ba za su riƙe ba. Ya gangara bakin dam wurin masunta ya dawo da ƙugiyoyi a takarda, irin na kamun giwan ruwa.

Na ce, "Yaya, ƙugiya ƙaya gare ta."

"Shi yas sa kihi ba shi kuɓucewa."

Ranar Laraba ya aro keken ɗinkin maƙwabciyarmu Sabuwa, don ya nuna cewa ba rashin iyawa ya hana shi amfani da keke ba. Ya taka sau ɗaya, keken ya yi baya. Ya taka da ƙarfi, allura ta hau kan wayar keke ta karye. Allura ta biyu ta karye a kan roba. Ta uku ba ta karye ba, ta ɗinka lafiya lau, ta haɗa hannun rigarsa da shaddar tun daga wuyan hannu har gwiwa. Sabuwa na tsaye ta riƙe ƙugu.

"Malam Maccido, ka ɗunke kanka."

"Gwada zaren nika yi. Ba shi da ƙwari."

"To sakam min keke kahin ka gwada yatsa."

Ya tuɓe rigar a nan ya bar ta a jikin keken, ya ce dama ya faɗa, wannan ba ɗinki ba ne. Ya koma kan basillarsa da zaren buhu ninki biyu, ya zauna a inuwar rumbu. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, a nan hannunsa ya san hanya. Kafin la'asar ya gama ta farko. Ya huda ƙananan ramuka a jikin kowace hula da ƙusa mai zafi don iska, saboda a wurinsa duk abin da aka rufe babu iska ruɓewa yake yi. Sannan ya ɗauko shuɗin fentin da ake yi wa buhuna alama ya zana tasa alamar a tsakiya, kibiya da ɗigo biyu, wadda duk dillalin albasa ya sani.

Ya kira Mairo ta gwada. Mairo ta dubi abin, ta dubi ƙugiyoyin, ta dubi mijinta.

"Malam, shekara ashirin da shida ina yi maka biyayya. Ka bar min wagga ɗaya."

"Rahama hwa?"

"Ni aure nika da shi, ina son in koma ma mijina da bayana."

Ya ce ba komai, dama gwajin mace ba gwaji ba ne, mace tana iya faɗin son ranta. A tasha da kaya ake gwada ɗinki. Ya cika kowace hula da albasa har ta yi tozo, ya fita ƙofar gida ya rataye abin a reshen dogon yaro, daidai inda maza ke zama bayan la'asar. Ni ina leƙe ta zaure, raina yana tafasa.

Maza suka taso suka kewaye. Ɗahiru ya zagaya ta sau ɗaya ya gane wayarsa.

"Maccido, mi na wanga?"

"Aiki na."

"Na ga aiki na. Na mi?"

Maccido ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya ce abu ne na cikin gida. Malam Yari, tsohon da ke dakon ruwa da jaki, ya matso ya latsa hular dama ya latsa ta hagu, ya ce mangala ce, kuma ya daɗe bai ga mai kyanta ba, sai dai ta yi wa babban jaki kaɗan, amma ɗan aholakinsa za ta zauna masa daidai. Ya tambaya ko ta sayarwa ce.

"Ba ta jaki ba ta."

"To ta wa?"

"An riga an yi ma wani alkawali."

Don ya kashe maganar, Maccido ya ce su ja baya su ga ƙwari. Ya kama ƙasan abin da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa ya yi lilo. Robar ta miƙe, ta ci gaba da miƙewa, a hankali ta sauke shi har ya zauna daram a ƙasa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ta tsinke?"

Aka ce ba ta tsinke ba. Sai ya saki.

Albasar ta tashi sama gaba ɗaya ta wuce kan bishiya. Kowa ya ɗaga kai yana kallon sama, sannan ta fara dawowa. Ɗaya ta samu Ɗahiru a tsakiyar kai, ɗaya ta faɗa cikin tukunyar mai ƙosai, sauran suka sauka a kan kwanon masallaci kamar ƙanƙara. Jakin Malam Yari ya tsinke igiya ya nufi gulbi da jarkoki a bayansa, tsohon na binsa. Maccido ya ciro abinsa daga reshe ya duba ɗinkin kusa da ido, ya nuna wa Ɗahiru da ke dafe da kai cewa ko zare ɗaya bai motsa ba.

Ranar Alhamis ya ɗinka sauran biyar. Ya ƙara da kamfai shida, kowane ya yi masa mazagi irin na wandon maza, da aljihu a gefe, wai ko za ta so ajiye goro. Ni kuwa da na ga abin ya wuce magana, na ce masa zan je gaisuwar rasuwa, na hau mota zuwa Wurno wurin wata dillaliya da na sani. Na sayo na kirki, masu laushi, daidai awon yarinya. Ranar Juma'a yana masallaci na jera su a babban akwati a kan farin leshin nan. Nasa kuma na karɓa da hannu biyu na ce zan sa da kaina, na cusa su a ƙarƙashin gadon Mairo. Na kwana da sanyin zuciya, ina ganin na fi shi wayo.

Da safen Asabar na fito na tarar da akwatunan uku a tsakar gida, kowane an saka shi a buhu an ɗinke bakin ruf. Maccido na tsaye da basilla a hannu, ya ci babbar riga, shi ne waliyyin ango.

"Ƙurar hanya," ya ce. "Kaya ba su tahiya tsirara."

"Ka buɗe akwatin?"

"Mota na jira, Rahama."

Na dubi Mairo, ta kawar da kai. Na so in shiga in leƙa ƙarƙashin gado, direba ya danna ham. Siddiq ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Goggo, na bar miki." Yaron ko karyawa bai yi ba, leɓensa ya bushe. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, komai na cikin tsari. Muka bi ta Wurno muka nufi Rabah, hanya duk ramuka, akwatunan suna ta tsalle a baya.

An karɓe mu da mutunci. Maza suka zauna a zaure tare da Alhaji Sa'adu uban yarinya da limamin unguwa, mu mata muka shiga ciki. Tsakar gidan ta cika, har da masu leƙe ta kan katanga. Hajiya Habi na zaune a kujera 'yar tsugune, gajeriyar tsohuwa mai tabarau, ba ta dariya ba ta kuma ɗaure fuska. Ta dubi buhunan.

"Lehe kunka kawo ko gero?"

Aka kawo wuƙa. Sai da mata biyu suka yi gumi kafin zaren ya yanku. Akwati na farko ya wuce lafiya, aka ɗaga atamfofi ɗaya ɗaya ana guɗa. Na biyu ma haka, har Hajiya Habi ta shafa wata shadda ta gyaɗa kai. Na fara numfashi. Aka jawo babban.

Tana ɗaga murfin warin albasa ya fito ya gaishe da kowa. Ta sa hannu ta kamo abin da ke sama ta ɗaga. Ta farko ta taso, ta biyu ta biyo ta, don ƙugiyoyin sun sarƙe da juna a hanya. Hajiya Habi ta miƙe tsaye tana ja, ta uku ta fito, ta huɗu ta fito. Ta ɗaga hannu iya tsawonta, wata ta taya ta. Bayan ta shida sai farin leshin Siddiq ya biyo baya, ƙugiya huɗu sun kafe a jikinsa, ya yage tun daga baki har tsakiya. Mai guɗa ta riga ta ja numfashi ta kama hanci, sai ta sake shi a hankali.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da na fi jin sauƙi. Hajiya Habi ta gyara tabarau ta ƙwanƙwasa hula ɗaya da ɗan yatsa, wayar keken ta amsa.

"Rahama kinka ce sunanki?"

"I, Hajiya."

"Ɗiyammu kuka nema, ko raƙumi?"

Allah ya ba ni ƙarya nan take. Na ce kuskure ne, kayan wani mai jaki ne da aka ba yayana ajiya, yara suka haɗa da namu wurin loda kaya, na ainihin suna gida, gobe da safe zan kawo da kaina har da sabon leshi. Na faɗa da ladabi ina durƙushe. Na ga fuskarta ta fara saukowa, wasu mata ma suka ce ai kuskure ba ya wuce kowa. Saura ƙiris mu tsira. Sai ta sake duban ɗinkin ta ce, da ƙarfi yadda tsofaffi ke magana:

"Ko na jaki na, wanda yay yi wanga ɗunki makaho na. Dubi yadda yak karkace."

Zauren da tsakar gidan labule ne kawai tsakaninsu. Daga bayan labulen aka yi gyaran murya.

"Ba karkata ba ta, Hajiya. Ɗunkin ƙafar kaza na. Shi ka hana zare gudu."

Na rufe ido. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Hajiya Habi ta naɗe sarƙar nan shida a hannu, leshin na jan ƙasa, ta ɗage labule ta shiga zauren maza. Alhaji Sa'adu ƙanenta ne, kuma da gani ba yau ya fara sunkuyar da kai ba. Na bi bayanta, ta tsaya a gaban Maccido.

"Kai na waliyyin ango?"

"Ni na."

"Kai kaɗ ɗunka?"

Ya dubi alamarsa, kibiya da ɗigo biyu, shuɗi shar a tsakiyar kowace. Ya dube ni. Na girgiza masa kai har ɗankwalina ya zame.

"Ni niɗ ɗunka. Waɗanda anka sa da hwarko na ciro su, ko wata ukku ba su yi."

"Wa yag gwada?"

"Albasa."

"Albasa ta ce maka ta ji daɗi?"

"Ba ta zube ba."

Liman ya duƙar da kai yana jan carbi da sauri. Hajiya Habi ta warware guda ɗaya daga sarƙar ta ajiye a tabarma gaban Maccido, kusa da goro da alawar sa rana.

"Malam Maccido, ni ba ni son dogon zance. Abu biyu na. Ko ka ce gaban mutanen ga ba ka iya ɗunki ba, a yahe maka, ƙanwakka ta kawo na kirki gobe. Ko ka sa abin da kaka so ɗiyammu ta sa, ka zamna da shi hal a ƙare sa rana. In ba ko ɗaya, ga akwatunanku can, motarku ba ta tahi ba."

Na durƙusa kusa da shi na ce a hankali, "Yaya, kalma huɗu ta. Ka tuna Siddiq."

Ya dubi abin da ke gabansa a tabarma. Na san yana tuna Siddiq, don idonsa ya canza. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Sannan ya cire hularsa ya ajiye, ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya rage daga shi sai 'yar ciki.

"Miƙo."

Ni na ɗaura masa, kuma ban tausaya ba. Sai da na sa gwiwa a bayansa kafin robar ta zagayo, ƙugiyoyin suka shige cikin 'yar cikin suka kafe. Ya yi wani ɗan sauti ta hanci. Huluna biyu suka tsaya a gabansa fanko, kowace girman ƙwaryar fura, sun riga shi isa tsakiyar tabarma. Ya naɗe ƙafa ya zauna sosai.

Hajiya Habi ta ce, "Ƙaƙa kaj ji?"

"Kamar ba komi jikina."

"Madalla. A ci gaba."

Ta jawo kujera ta zauna a bakin labule. Mutanen Rabah mutane ne masu kawaici, ba wanda ya kalle shi kai tsaye, kowa ya samu abin kallo a rufin zaure. Sai dai na lura ba mai sauri. Alhaji Sa'adu ya fara da tarihin zumuncin Rabah da Goronyo tun daga kakanni. Wani baffan yarinya ya ce a sa rana bayan an cire albasa.

"Ya yi," in ji Maccido.

Wani ya ce a'a, kafin azumi ya fi.

"Ya yi."

Alhaji Sa'adu ya ce, "Malam Maccido, wanne ciki?"

"Dut sun yi."

Suka ce ai ba a yi haka ba, sai an duba wata. Aka aika a ɗauko kalanda a maƙwabta. Gumi ya jiƙa masa 'yar ciki, wayar keken ta samu wuri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, numfashinsa ya koma guntu guntu. Duk lokacin da ya ja iska hulunan sai su ɗaga su sauka tare. Da aka tsayar da rana, Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla, liman ya ɗaga hannu. Ban taɓa jin addu'ar da ta kai wannan tsawo ba, har matafiya da marasa lafiya na ƙasashen waje sai da aka sa. Maccido ya so ya ɗaga hannu ya shafa, robar kafaɗa ta mayar da hannun.

A nan fushina ya tafi. Na dubi yayana, furfura a gemu, leɓe ya yi fari, yana zaune cikin abin dariya a gaban surukai bai motsa ba, sai na ji tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Wauta ce ta kai shi, amma da ya tashi da tuni akwatunan suna mota.

Aka shafa fatiha. Hajiya Habi ta ce, "Mun amsa. Leshi da sauran kaya gobe." Ta miƙo mini almakashi da kanta. Na yanke robar ta baya, ta yi tsalle ta bugi bango. Ƙugiyoyin kuwa sai da aka yanke 'yar cikin aka bar musu ita. Ya mayar da babbar riga a kan fatarsa, wadda ta yi sawu ja biyu a kafaɗa, ɗaya a zagaye da ƙirji. Sai a lokacin dariyar da aka riƙe tun azahar ta fashe a cikin gida, ta bi ta kan katanga ta fita unguwa. Muna shiga mota ana nuna shi da baki.

Har muka wuce Wurno yana zaune a miƙe, bai jingina da kujera ba.

Muka iso Taloka rana ta yi sanyi. Siddiq na tsaye a ƙofar gida inda muka bar shi, idonsa a bayan motar yana neman akwatuna. Da ya ga babu, sai ya dawo da ido kan Maccido.

"An amsa," in ji Maccido. "An sa rana. Aikina ma sun ga ƙwarinai, zama guda anka yi ana dubawa."

Yaron ya zube a gabansa ya kama ƙafarsa. "Baffa, Allah shi saka. Ko Baba na da rai iyakar abin da za shi yi ke nan."

Maccido ya so ya ɗora masa hannu a ka. Hannun ya taso rabi ya tsaya, kafaɗar ta ƙi. Ya sake gwadawa da na hagu, shi ma ya ƙi. Ya tsaya haka da hannu biyu a rataye, yana kallon kan yaron.

Na matsa na kama hannun na ɗora masa.